Ɗiyar Alhaji a Jerin Mabuƙata

"Fiddausi, ki ce mini wannan ba sunanki ba ne."

Ba ta juyo ba. Ta san muryar, ko a tsakiyar kasuwar Tudun Wada aka jefa ta za ta tsince ta. Sai dai yau babu taushin nan da ta saba ji a cikinta.

Ɗalibai sun yi cincirindo a gaban allon sanarwa, kowa yana bin layi da yatsa. A saman takardar an rubuta cewa ga sunayen waɗanda suka samu tallafin karatu na gwamnati, wanda aka ware wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi. Can wajen tsakiya, ga nata a fili: Fiddausi Attahiru, Tsafe.

"Sunana ne," ta ce a hankali.

Zaharaddeen ya yi mata nuni da kai, suka koma gindin wani dogonyaro, nesa da kunnuwan mutane.

"Shekarata uku ina cin tallafin nan," ya ce. "Na san waɗanda aka yi shi dominsu. Na san wanda ke shiga aji da ruwa kaɗai a cikinsa. Juwairiyya ɗiyar kawuna da hawaye ta cika takardar nan, kuma sunanta bai fito ba. Ke kuwa... ɗiyar Alhaji Attahiru mai motocin hatsi?"

"Deeni, akwai abin da ba ka sani ba."

"To sanar da ni."

Ta buɗe baki. Maganar ta taso har maƙogwaro, sai ta tuna muryar mahaifinta: abin da ke cikin gidan nan ya tsaya cikin gidan nan.

"Ba zan iya ba..."

Ya daɗe yana kallonta.

"Da wata ce ta yi, da na ce son zuciya ne, na wuce. Amma ke?"

Ya juya ya tafi. Bai ce mata Aljannata ba, sunan da tun da suka saba bai taɓa rabuwa da ita bai faɗa ba.

* * *

Ruwan sama ne ya haɗa su, a shekararta ta farko a jami'a a Gusau.

Ran nan hadari ya taso daga gabas, kafin ta isa ɗakin kwana ruwa ya tsuge. Ta fake a barandar ɗakin karatu. A gefe wani dogon saurayi yana tsaye, ya miƙa tafin hannunsa waje, ruwan yana zuba a kai, yana murmushi shi kaɗai.

"Malam, lafiya?" ta tambaya, dariya na neman ƙwace mata.

"Lafiya lau. Ina lissafin in ya kai Rawayya, gobe da safe Iyata za ta fita shuka."

Daga nan hira ta ɓarke. Ya ce sunansa Zaharaddeen, aikin gona yake karanta, mahaifinsa Malam Haliru ya rasu tun yana sakandare. Ya ba ta labarin Rawayya, can ƙasar Bungudu, yadda ƙasa ke ƙamshi in ruwan farko ya sauka, da yadda gero ke kaɗawa da yamma har mutum ya rantse magana yake yi. Ita da take karanta ilimin tsirrai a littafi, sai ta ji kamar ranar aka fara nuna mata su.

Ruwan ya ɗauke, babu wanda ya lura a cikinsu.

Bayan nan duk ranar da ya dawo daga gida sai ya zo mata da ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Wata Juma'a ya rako ta tasha, mota ta cika saura mutum ɗaya, sai kawai ya shige.

"Ina za ka?"

"Tsafe."

"Wurin wa?"

"Wurin direba. In ya sauke ki, mu dawo tare."

Suka bi hanya, gonaki kore shar dama da hagu, dutsen Kwatarkwashi ya lulluɓa da farin gajimare kamar ango. Fiddausi ta jingina kanta da gilashi tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, tana fatan hanyar ta ƙi ƙarewa.

"Kin san ma'anar sunanki?" ya tambaye ta.

"Na sani."

"To ni tun a duniya aka ba ni tawa. Aljannata."

Ta rufe fuska da gefen hijabi, har suka shiga Tsafe ba ta buɗe ba.

Amma da maganar ta isa gidaje biyu, sai ta ci karo da bango. Ranar da ya je gaishe da mahaifinta, a zaure aka tsayar da shi. Tana bayan ƙofa tana ji.

"Wa ke biya maka makaranta?" Alhaji Attahiru ya tambaya.

"Gwamnati ce ke tallafa mini, Alhaji, sai ɗan abin da gona ta bayar."

"To ka ƙare cin sadaka tukuna, kana ka zo neman ɗiyar mutane."

Can Rawayya ma Iya ba ta yi murna ba. Cewa ta yi ɗiyar da ta tashi bisa kafet ba ta iya surfe, kuma ga Juwairiyya a gida, yarinyar da ta san hannunta.

Duk da haka ba su rabu ba. Sun ce lokaci zai yi musu magani.

* * *

Abin da Zaharaddeen bai sani ba, abin da duk Tsafe ba ta sani ba sai ƴan kaɗan, shi ne gidan Alhaji Attahiru ƙofa kawai ta rage masa.

Babbar ƙofa ce, koriya, mai ado, kowace shekara kafin sallah Alhaji da kansa yake shafa mata fenti. Zauren ma yana nan da darduma da kujeru. Amma in ka wuce zauren, sai ka ji muryarka tana dawo maka.

Shekara huɗu ke nan. Babbar motarsa ta faɗi da kaya a hanyar Funtuwa ta ƙone. Gonakinsa na cikin daji sun gagari zuwa saboda rashin tsaro. Sauran motocin aka saida ɗaya bayan ɗaya, ana ce wa mutane suna Legas. Ciwon suga ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Fiddausi da mahaifiyarta, Inna, suka koma ɗinkin hula a ƙuryar ɗaki, wata maƙwabciya tana kai musu kasuwa a matsayin nata.

Alhaji kuwa kullum da safe zai saka babbar rigarsa, ya zauna ƙofar gida da carbi, masu wucewa suna durƙusawa.

"Alhaji, an tashi lafiya? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

Da zangon karatu ya kusa, kuma ta tabbata bana babu abin da za a saida, Inna ce ta saka mayafi ta je wurin mai unguwa da kanta. Ya ji bayani, ya girgiza kai, ya rubuta takardar shaida, ya yi alkawarin bakinsa alaikum. Haka Fiddausi ta cika takardar tallafi ba da sanin mahaifinta ba.

Ta so ta gaya wa Deeni. Sau nawa tana shirya maganar a ranta. Amma ta yaya za ta ce masa mutumin da ya kira shi mai cin sadaka, a gidansa ana kwana da koko?

* * *

Kwana huɗu da fitowar sunaye, aka kira ta ofis.

Shugabar kwamitin tantancewa, Hajiya Salma, mace ce mai farin gilashi da magana a natse. Ta tura mata wata takarda da hoto a kan tebur.

Hoton koriyar ƙofar gidansu ne.

"An kawo ƙorafi a kanki," in ji Hajiya Salma. "An ce mahaifinki attajiri ne, kin yi ƙarya a takarda. Mun dakatar da sunanki. Ranar Alhamis za mu je Tsafe mu gani da idonmu. In ƙorafin gaskiya ne, ba tallafin kaɗai za ki rasa ba, maganar za ta je gaban hukumar makaranta."

Fiddausi ta dubi ƙasan takardar. Juwairiyya Isah, Rawayya.

Da ta fito, ta hango su a bakin shagon buga takardu, Juwairiyya tana yi wa Deeni magana tana dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ya ɗago, idonsu ya haɗu, ya kau da nasa.

Ranar Laraba ta tafi gida. Hanyar nan da ta taɓa yi wa fatan kada ta ƙare, yau ji ta yi motar gudu take yi da gangan.

Bayan la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, Inna tana gefe tana murza bakin zane.

Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Mi kinka ce? Sunana anka liƙa ga allo, cikin jerin mabuƙata?"

"Baba, sunana ne..."

"Sunanki ba ya tafiya shi kaɗai. Nawa na biye da shi." Ya juya ga Inna. "Da ke anka haɗa baki?"

"Alhaji, da ba a yi haka ba, yarinyar nan gida za ta zauna. Saura mata shekara uku."

"Ta zauna. Ni da na ciyar da unguwar nan, yau a zo gidana a leƙa tukunyata? Su zo. Zan faɗa musu ni ba mabuƙaci ba ne."

"Baba, in ka faɗi haka, cewa za a yi na yi ƙarya."

Ya tashi ya shige ɗakinsa, ya ja ƙofa.

* * *

Da hantsi farar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Fiddausi tana leƙe ta tagar zaure. Hajiya Salma ta fito, sai magatakardan kwamiti Malam Bashiru da fayil a hammata. Mutum na uku da ya sauko ya sa ta dafe bango.

Zaharaddeen ne. Ta manta shi ne wakilin ɗalibai masu cin tallafi, wanda ake tafiya da shi a matsayin shaida.

Alhaji ya tarbe su cikin rigarsa mafi kyau, shuɗiya mai aiki har ƙasa, ya sha turare. Ya sa aka kawo lemo mai sanyi, wanda Fiddausi ta san hular da Inna ta gama jiya ce ta saye shi. Ya dubi Zaharaddeen sau ɗaya, ya gane shi, fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

Bayan gaisuwa Hajiya Salma ta ce, "Alhaji, tambaya ɗaya ce ta kawo mu. Kana da halin ɗaukar karatun ɗiyarka, ko babu?"

Alhaji ya gyara zama.

"Hajiya, ki tambayi duk Tsafe wane ne Attahiru. Gidan nan bai taɓa miƙa hannu ba."

"Ke nan abin da ta rubuta ba haka ba ne?"

"Yarinta ce."

Malam Bashiru ya fara rubutu. Hajiya Salma ta cire gilashinta ta dubi Fiddausi da ke durƙushe bakin ƙofa.

"Ke fa? Kina da abin cewa? In kina so mu shiga ciki mu duba, doka ta ba ki dama ki nema."



Taku biyar ne tsakaninsu da labulen da ke rufe da gaskiya. In ta ɗaga shi, ta tsira da karatunta da sunanta, ta wanke kanta a idon Deeni. Ta dubi mahaifinta. Ta ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa, rigar da a da take cika da shi.

"Babu abin da zan ce, Hajiya," ta faɗa. "Yadda Baba ya faɗa haka ne. A cire sunana."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Zaharaddeen ya runtse ido. Malam Bashiru ya rufe fayil. Suka miƙe, suka yi sallama, suka nufi ƙofa.

Fiddausi ta tattara kwalaben lemon, hawaye na ɗiga a kan tire, ba ta yarda ta yi sauti ba. Ta zo wucewa, ta rusuna kamar kullum.

"Baba, a kawo maka maganinka yanzu?"

Alhaji ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, kamar yau ya fara ganinta.

"Hajiya," ya kira da wata irin murya. "Ku dawo."

Suka tsaya a bakin ƙofa.

Ya miƙe da ƙyar, ya je da kansa ya yaye labulen.

"Ku shigo. Har kai, ɗan Rawayya."

Ya wuce gaba suna biye. Ya nuna musu falon da babu komai sai tabarma da sawun kujeru a ƙasa. Ya buɗe ɗakin ajiyar hatsi, wanda a da buhuna ke taɓa rufi, yanzu sai kwano ɗaya na gero a kusurwa. Ya kai su rumfar da motoci ke kwana, ciyawa ta fito a wurin. A ƙuryar ɗaki Inna na zaune da allura da zare, huluna a jere gabanta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ga Attahiru," ya ce. "Wanda kunka gani a zaure riga ce. Ɗiyata ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Shekara huɗu tana ɗinki har idonta ya yi ja don in ci, in sha magani, in zauna ƙofar gida a gaishe ni. Yau kuma ta yarda a kira ta maƙaryaciya don kada a ga bayana." Muryarsa ta karye. "Ku rubuta. Ku rubuta da babban baƙi, ba ni da shi."

Hajiya Salma ta mayar da gilashinta, ta daɗe tana gyara shi.

"Alhaji, tallafin nan ba sadaka ba ne. Haƙƙin yaran nan ne, daga dukiyar ƙasarsu. Lokacin da kake da shi, ai ka biya haraji. Kuma abin da muka gani a nan, a fayil zai tsaya."

Fiddausi ba ta san lokacin da ta isa wurin mahaifinta ba. Ta riƙe hannun rigarsa tana kuka, shi kuma ya dafa kanta yana cewa, "Yi haƙuri, uwata. Yi haƙuri."

Zaharaddeen yana tsaye bakin ɗakin hatsi, ya kasa ɗaga ido.

* * *

Aka mayar da sunanta a mako na gaba.

Saƙonni suka fara shigowa wayarta.

"Aljannata, na zalunce ki."

"Ko zagina ne ki yi, in ji muryarki."

"Na tsaya gindin dogonyaro har aka kira magariba."

Tana karantawa, ta kife wayar. Ba ta daina son sa ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ko ruwa aka fara sai ta ji ƙirjinta ya yi nauyi. Amma duk lokacin da ta ɗauki waya za ta amsa, sai ta tuna yadda ya juya mata baya.

Juwairiyya ce ta fara samunta, a bakin famfon ɗakin kwanan mata. Ta tsaya da bokiti a hannu, ta rasa ta inda za ta fara.

"Ni na rubuta," ta ce daga ƙarshe.

"Na gani."

"Na ɗauka da gaske kuna da shi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tun muna yara ake ce mini matar Yaya Deeni, sai ga ki." Ta share ido da bayan hannu. "Ko sunanki an cire, na san ba ni zai so ba. Tun ran nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa."

Fiddausi ta dubi silifas ɗin da ke ƙafar Juwairiyya, an ɗaure igiyarsa da waya. Haushin da ta tara sai ya rasa wurin zama.

"Me ya hana naki fitowa?"

"Wai babu takardar mai unguwa. Ban san ana buƙata ba."

"Hajiya Salma ta ce akwai rukuni na biyu. Ki je gida ki karɓo, ki zo mu cika tare. Na san inda ake kuskure."

Juwairiyya ta ajiye bokitin ta fashe da kuka.

Deeni kuwa sai da aka yi sati uku. Ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje da yamma, ta same shi zaune kan dakali, ya rame.

"Minti ɗaya, Fiddausi."

Ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Na yanke miki hukunci ban ji ta bakinki ba. Na san zafin a raina mutum don ba shi da shi, sai ga ni na raina ki don ina zaton kina da shi. Ba ni da hujja."

"Na ce maka akwai abin da ba ka sani ba."

"Kin faɗa."

"Shekara biyu, Deeni. Ko sau ɗaya ka taɓa kama ni da ƙarya?"

"Ban taɓa ba."

"To me ya sa ranar ba ka ce, Fiddausi ba za ta yi haka a banza ba?"

Ya sunkuyar da kai. Iska ta kaɗo busassun ganye ta tsakaninsu.

"Ni ma na ɓoye maka," ta ce can, murya ƙasa. "Kana kawo mini gyaɗa kana ba ni haƙuri wai abin talaka ne, ba ka san wata rana ita ce abincin ranata ba."

Ya ɗago da sauri, idonsa ya cika.

"Aljannata..."

"Kada ka ƙara juya mini baya ina magana."

"Har abada."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen dakalin. Suna nan zaune har rana ta yi ja ta faɗa bayan gine-gine.

* * *

Da kaka ta yi, wata tsohuwa ta sauka daga mota a ƙofar gidan Alhaji da buhun sabuwar dawa da tulun man shanu. Iya ce, tun daga Rawayya.

Ta zauna da Inna a tsakar gida, suka gaisa kamar sun daɗe da sanin juna. Da Fiddausi ta kawo ruwa, Iya ta kama hannunta ta juya tafin, ta shafa kan yatsun da allura ta huda ta huda har suka yi kanta.

"Ashe ke anka ce ba ki san wahala ba," ta ce. "Juwairiyya ta ba ni labari, har abin da kinka yi mata. Sunanta ya fito. Ɗiyata, bakina ya yi gaggawa."

Inna ta ji tsoron Alhaji zai mayar da buhun. Da ya shigo ya gan shi, ya tsaya jim.

"Na gonar wa?"

"Na gonar marayan da ka kora," in ji Iya, ba ta ko sassauta ba.

Alhaji ya yi ɗan murmushi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba a gidan.

"A ce mishi ya zo. Wannan karon ba a zaure za mu zauna ba."

Da Zaharaddeen ya zo, a kan tabarmar falo suka zauna su biyu. Alhaji ya nemi gafararsa a kan maganar da ya taɓa yaɓa masa, ya kuma kafa sharaɗi ɗaya: aure ba zai tsayar da karatun Fiddausi ba.

"Ko da zan saida gonar, Baba, sai ta gama," in ji Zaharaddeen.

"Kada ka saida gona," Alhaji ya ce. "Ka tambaye ni."

Suka yi dariya tare.

Zaharaddeen ya kammala, ya yi hidimar ƙasa, ya samu aikin malamin gona a Bungudu. Aka ɗaura aure bayan sallar layya, ba tare da wani shagali mai yawa ba. Juwairiyya ce ta riƙe wa amarya mayafi har cikin mota.

* * *

Wata safiya a Rawayya, sati uku da tarewa, Fiddausi tana zaune bakin gona a kan tushen wata tsohuwar ɗorawa. An yi ruwa da asuba. Hazo-hazon tururi yana tashi daga ƙasa, tsuntsaye suna ta kai da kawo a kan gero, daga nesa ana jin sautin turmi.

Deeni ya zo ya zauna kusa da ita, ya zaro takarda daga aljihu.

"Na biya ta makaranta jiya. An fara raba takardun tallafi, na karɓo miki don shekararki ta ƙarshe."

Ta karɓa, ta bi layukan da ido. Suna. Gari. Sunan mai ɗaukar nauyinki. Sana'arsa.

Ta ninke ta a hankali ta mayar masa.

"Bana ba zan cika ba."

"Me ya sa? Haƙƙinki ne."

"A da haƙƙina ne. Yanzu ina da miji mai albashi, ga gona, ga hulunana. Za mu ɗan matsu, na sani." Ta dube shi ta gefen ido. "Ko ba za ka iya da ni ba?"

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Ko gero zan riƙa kai wa makarantar a kan jaki."

Ta yi dariya har ta jingina da kafaɗarsa.

"Akwai wata yarinya ƴar Wanke a ajin farko, Hasana. Ranar da muka yi hutu na gan ta tana kallon allon nan, ta daɗe, ta kasa shiga ofis ta tambaya. Kunya take ji."

"Sai ki kai mata wannan."

"Ranar Litinin. Ni zan raka ta har ciki."

Ya mayar da takardar hannunta, ya haɗa da yatsunta ya riƙe.

"Aljannata, Iya ta ce in kira ki, kunu yana hucewa."

"Bari ya huce," ta ce, ta lumshe ido. "Mu ɗan ƙara zama."